Tsohuwar Theoben Sirocco: A Saye Ta Don Ajiya Ko Don Harbi?

Tambaya: Wani mai tara tsofaffin bindigogin iska da ke zaune a Ingila ya ce ya ga wata Theoben Sirocco ta shekarun 1980 a wurin wani dillali, mai ɗaukar harsashin milimita 5.5, da bawul a bayan silindarta, har an haɗa masa da famfonta. Duk bindigogin da ya tara a baya masu sifirin ƙarfe ne. Yana son ya san ko ta cancanci saye, me zai duba kafin ya biya kuɗi, kuma ko harba irinta yana rage mata daraja.

Amsa: Malam, ta cancanci saye idan ta tsallake gwajin da zan bayyana maka, kuma idan ta zama taka, shawarata ita ce ka riƙa harba ta. Harbi ba ya kashe irin wannan bindiga. Abin da ke kashe ta shi ne famfon nan da aka haɗa maka da shi, idan ya faɗa hannun mai zumuɗi. Na daɗe ina kwance irinsu ina ɗaurawa, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo mini a mace, masu su ne suka kashe su garin neman ƙarin ƙarfi. Kafin ka gane dalilin haka sai mun leƙa cikinta, domin sanin da ka tara a kan masu sifirin ƙarfe rabinsa ne kawai zai yi maka aiki a nan.

A bindigar da ka saba da ita, idan ka karya bututu ka ja shi ƙasa, fistin yana komawa baya yana matse naɗaɗɗen sifirin har kunama ta riƙe shi. Da ka taɓa kunama sai sifirin ya warware, ya ingiza fistin gaba, fistin kuma ya matse iskar da ke gabansa ta bi ta wata 'yar ƙofa ta bugi bayan harsashin dalma. Daga kan fistin zuwa bakin bindiga, Sirocco ma haka take aiki. Bambancin yana baya. An cire sifirin na ƙarfe, an mai da fistin ya zama mai rami a ciki, yana zamewa a kan wani bututu da ke kafe a ƙarshen silinda, sannan aka cika ramin da matsattsiyar iska wadda zobban roba suke tsarewa. Ɗana bindigar yana ƙara matse wannan iska, sakin kunama kuma yana ba ta damar buɗewa ta tura fistin. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari gas-ram, ni kuwa zan riƙa ce masa sifirin iska, tunda aikinsa ke nan. Dangin sandar nan ce da ke tokare murfin bayan mota, ko wadda ke ɗaga kujerar ofis.

Ka riƙe a ranka cewa iska biyu ce a cikin bindigar, kuma ba sa haɗuwa. Ta gaban fistin ita ce mai fita da harsashi, sabuwa kuma take shiga duk lokacin da aka ɗana. Ta bayan fistin ba ta fita ko kaɗan, sai idan roba ta gaza. Saboda haka Sirocco ba ta cikin jinsin bindigogin da ake cika wa tanki a yi ta harbi har iskar ta ƙare, kuma ba ta da alaƙa da masu kwanson iska irin na Brocock, waɗanda dokar Birtaniya ta 2003 ta hana ƙerawa da sayarwa. Na ambaci wannan ne domin na sha jin sababbin masu saye sun tsorata da kalmar gas, suna zaton abin da aka haramta ne.

Wannan canji na bayan fistin yana sauya halin bindigar gaba ɗaya. Sifirin ƙarfe yana farawa da laushi, ya yi ta ƙara tauri har ƙarshen ja. Sifirin iska kuwa tun yana zaune a matse yake, don haka nauyinsa yana tarar hannunka tun daga farkon ja, ƙarin da yake yi zuwa ƙarshe kuma bai kai na ƙarfe ba. Shi ya sa wanda ya saba da masu sifirin ƙarfe irin su HW80 ko tsohuwar BSA yakan ce Theoben ta fi wuyar ɗanawa, ko da ƙarfin harbinsu ɗaya ne. A wajen harbi ma haka lamarin yake: fistin yana samun turi mai ƙarfi a duk tsawon tafiyarsa, sai ya isa gaba da sauri, babu karkarwar waya, babu murɗawar da sifirin ke yi wa bindiga idan yana warwarewa. Abin da kafaɗa ke ji bugu ne guda, gajere, mai kaifi. Wasu suna jin daɗinsa tun harbin farko, wasu kuma har abada ba sa sabawa, kuma yana da kyau ka san ɓangaren da kake kafin ka zuba kuɗi.

Dave Theobald da Ben Taylor ne suka kafa kamfanin, daga sunayensu biyu kuma aka haɗa Theoben. Sun fito da Sirocco a 1982, lokacin da kasuwar Ingila take hannun Webley da BSA na Birmingham da kayan Jamus irin na Weihrauch da Feinwerkbau, waɗanda manyan bindigoginsu na farauta duk masu sifirin ƙarfe ne. Masana'antar Theoben ƙarama ce, ta zauna a Somersham da ke yankin Kambirij, kuma kamar kowace ƙaramar masana'anta tana sayo wasu sassa daga waje. Na farko-farko suna ɗauke da sassan Webley, da yawa daga cikin na baya kuma suna da bututun Anschütz na birnin Ulm a Jamus. Suna kuma yin gyare-gyare a tsakiyar aiki ba tare da sun sauya wa bindiga suna ba, ta yadda za ka ajiye Sirocco biyu a kan tebur ka tarar kunamarsu daban, kan fistin ɗinsu daban. Wannan shi ne daɗin tara su, shi ne kuma wahalarsa, domin sunan da aka rubuta a jiki bai isa ya gaya maka sassan da za su shige ta ba.

Babban abin da ya raba tsofaffi da na baya shi ne tsarin da kamfanin ya kira H.E., inda aka saka wani ɗan nauyi mai yawo a cikin ramin fistin. Idan fistin ya zabura gaba, nauyin yana ɗan jinkiri a baya, sannan ya biyo shi ya iso daidai lokacin da matsattsiyar iskar gaba take ƙoƙarin mai da fistin baya, sai ya rage wannan tsallen. Ka tambayi dillalin ko wadda ka gani ta kafin H.E. ce ko ta bayansa, domin robobinsu da matsin da suke so ba ɗaya ba ne. Ka kuma duba ajin ƙotarta. Countryman ita ce mai ƙota marar ado, Classic da Grand Prix kuwa suna zuwa da katakon walnat, ta biyun da ramin babban yatsa, kuma a wurin masu tarawa katakon yana da kaso mai tsoka a cikin daraja.

Idan sha'awar ta kama ka, ba za ka tsaya a kan Sirocco ba. SLR88 ita ce wadda na fi ganin hikima a cikinta: bututunta a kafe yake, da sanda a ƙarƙashi ake ɗana ta, tana kuma da gidan harsashi mai cin 7, abin da ba a saba gani ba a bindiga mai fistin a wancan zamani. SLR98 ta gaje ta. Duk wadda ka samu a cikinsu babu gidan harsashinta, ka ɗauka rabin bindiga ka samu, domin nemansa daban aiki ne. Fenman gajeriya ce mai daɗin ɗauka, amma gajartar bututun tana ƙara nauyin ɗanawa. Eliminator ita ce babbar yaya, ƙarfinta ya ninka iyakar da Ingila ta yarda da ita ba tare da lasisi ba fiye da sau biyu, kuma ita ce kamfanin Robert Beeman ya riƙa sayarwa a Amurka da sunan Crow Magnum, bindigar da ɗanata kan nemi ƙarfin da ya haura kilo 25. Sai kuma HW90, wadda Weihrauch na Mellrichstadt ya ƙera wajen 1990 a kan tsarin Theoben, Beeman kuma ya sayar da ita da sunan RX, daga baya RX-1 da RX-2. HW90 ba ta da wuyar samu, nauyinta kuma ya kai wajen kilo 4, amma ita nake nuna wa duk mai son koyon wannan tsari, saboda ingancin ƙirarta da sauƙin samun kayanta.

Kamfanin Theoben ya rufe a 2012. Manyan kamfanoni ma sun rungumi tsarin, wasu kafin nan wasu bayan nan: Crosman da Nitro Piston, Gamo da IGT, Hatsan da Vortex, Diana da N-TEC. Waɗannan bindigogin aiki ne da aka ƙera da yawan gaske, mafi yawansu kuma sifirin iskarsu rufaffen kurtu ne mai naitirojin, idan ya mutu sai dai a cire a sa sabo. Ba su ne abin tarawa ba, don haka na wuce su.

Mu koma kan wadda ke wurin dillali. Duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka ma wanda ya sayi bindigar da rayuwarta ta rataya a kan zobban roba masu shekara kusan 40. Yoyo shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin zobban suna da araha, kuma gogaggen mai gyara yana sauya su cikin 'yan sa'o'i. Abin tsoro shi ne karcewa a jikin ƙarfen da zobban suke zamewa a kai. Idan wani ya taɓa kwance ta da kayan aikin da ba su dace ba, ko yashi ya shiga, ko tsatsa ta ci wurin saboda danshin da famfo ya tura, to kowace sabuwar roba za ta riƙe iska na 'yan makonni ne ta sake saki. Ba a ganin wannan daga waje, sai dai lokaci ya tona shi. Saboda haka ka tambayi ranar ƙarshe da aka ba ta iska, ka auna ta a ranar da ka je, ka roƙi a ajiye maka ita, sannan ka koma bayan mako guda ko biyu ka sake aunawa. Bindigar da aka bugo wa famfo da safe don zuwanka za ta yi kyau da rana, amma mako biyu sun ishe ta ta faɗi gaskiya.

Aunawar da nake nufi da na'urar auna gudun harsashi ce, ba da kunne ba, ba kuma da huda gwangwani ba. Ka harba 10 da harsashi iri ɗaya ka rubuta kowanne. Idan tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri ba ta wuce mita 3 zuwa 5 a daƙiƙa ba, cikinta lafiya lau ne. Idan lambobin suna tsalle sama da ƙasa, ga hayaƙi da ƙauri suna fita daga bututu, to mai yana ƙonewa a gaban fistin kamar yadda yake yi a injin dizal, alamar ko dai wani ya ɗiga mata man da bai kamata ba, ko giris yana tsallake robar da ta gaji.

Akwai wata hanya ta rarrabe ciwo biyu masu kama da juna, kuma da masu bindigogin nan sun san ta da an tsira da da yawa daga cikinsu. Rashin ƙarfi yana zuwa ta hanya biyu. Idan bindigar ta yi sauƙin ɗanawa kuma harbinta ya yi rauni, iskar baya ce ta zurare, ƙaramin ciwo ke nan. Idan kuwa ɗanawar tana da nauyi sosai, bugun yana da zafi, amma gudun harsashi ya faɗi, to iskar baya tana nan har ta yi yawa, robar kan fistin ce ta ƙone, iskar gaba tana sulalewa ta gefenta. Maganin na farko shi ne gyaran zobba da iska daidai gwargwado. Ba wa na biyu iska kuwa ƙara wa wuta mai ne.

Sauran dubawar ba ta da bambanci da wadda ka saba yi, sai abubuwa biyu. Ka ɗaga bindigar ka bi layin bututu da ido daga baya. Idan ya ɗan kalli sama, wani ya taɓa jan kunama bututun yana a karye, ya rufe da ƙarfi, kuma irin wannan bugun yakan tsaga ƙota a wurin riƙo, don haka ka nemi layin gam a can. Sannan ka duba ƙafafun madubin saiti, domin yawancin Theoben na wannan zamani suna da nasu ne na musamman da ake ɗaurewa a jikin silinda, idan sun ɓace kuma ba kowane na kasuwa ne zai hau ba. Kan sukurun da ya rufe bawul ma yana ba da labari: idan ya ciccinye, an sha buɗe shi.

Yanzu ga famfo. Tsofaffin Theoben suna da bawul irin na tayar mota a baya, kamfanin kuma ya sayar da wani siririn famfo mai suna Slim Jim domin daidaita matsi. Manufar ita ce mai gyara ya iya mai da bindiga kan ƙarfinta na asali. Abin da ya faru a zahiri shi ne mutane da yawa sun ɗauka duk bugun famfo ƙarin ƙarfi ne kyauta. Na ɗan lokaci hakan gaskiya ne, amma ƙarfin da bindiga mai fistin za ta iya bayarwa yana da rufi, kuma yawan iskar da fistin ke sharowa a gabansa ne ya kafa rufin, ba taurin abin da ke tura shi ba. Idan aka wuce wannan wuri, fistin yana isa gaba da gudun da ya fi kima, zafin da matsewar ke haifarwa ya hau har ya fara cin robar kansa, ya kuma riƙa dukan ƙarshen silinda. Gudun harsashi sai ya fara sauka. Mai bindiga ya ga ƙarfi ya ragu, ya ɗauka yoyo ne, ya ƙara famfo, robar ta ƙara ƙonewa. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Na taɓa sayen wata a hannun wani mutum da ya yi mini alfahari cewa ya cika ta har sai da ya riƙa danna bututun da hannu biyu. Da na auna ta, ba ta kai rabin ƙarfin da ya ambata ba. Da na zubar da iskar na buɗe ta, na tarar gefen robar fistin ya narke ya yi baƙi kamar gawayi. Bayan na sa sabuwar roba, na riƙa ba ta iska kaɗan-kaɗan ina aunawa, sai ta dawo ƙarfinta na asali da matsin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda na same ta da shi, tana kuma ɗanuwa da hannu ɗaya. Yadda ake yi ke nan: bugu kaɗan, harbi uku ko huɗu a kan na'ura, a rubuta, a sake. Kowane samfuri yana da matsinsa. HW90 an iyakance matsinta a kan 26 a ma'aunin matsi na bar, amma wannan adadi nata ne ita kaɗai, kada ka ɗora shi a kan Sirocco. Iskar famfo ko naitirojin kaɗai ake sa wa, ba a kusantar da iskar oksijin ta kwalba ko kusa, domin haɗuwarta da giris a cikin matsi fashewa ce. Kuma ba a kwance ko sukuru ɗaya na cikin silinda sai an zubar da iskar baya gaba ɗaya ta bawul. Rufaffen kurtun da ba shi da bawul kuwa ba a huda shi, ba a gasa shi.

Tunda a Ingila kake, famfon yana da wani haɗari na biyu wanda ya fi ƙonewar roba. A ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1968 da ƙa'idojin 1969, doguwar bindigar iska da ƙarfinta ya wuce fut-fam 12 (ma'aunin ƙarfin harbi na Ingila), wato kimanin jul 16.27, tana buƙatar lasisin bindiga daga 'yan sanda, kuma riƙe ta babu lasisi laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari, ko ya san ta wuce ko bai sani ba. Abin da dokar ke dubawa shi ne abin da bindigar za ta iya yi, ba abin da take yi da harsashin da ka fi so ba. Ga lissafin: ka ninka gudu da kansa, ka ninka da nauyin harsashi a kilo, ka raba biyu. Harsashi mai giram 0.93 da ke gudun mita 183 a daƙiƙa yana ba da kusan jul 15.6, wato fut-fam 11.5. Harsashin nan dai idan ya kai mita 187 ya taɓa iyaka. Mita 4 kacal ke tsakani. Ga shi kuma matsin iskar da ke rufe yana hawa da zafi: daga digiri 5 zuwa digiri 30 a ma'aunin Salsiyas yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ba duka wannan ƙarin ne ke zama ƙarfin harsashi ba, amma ya isa ya sa bindigar da aka daidaita a bakin iyaka cikin hunturu ta tsallake ta a bazara. Ni a kan fut-fam 11 nake tsayar da nawa, da harsashin da ya fi ba da ƙarfi a cikin waɗanda na gwada, wanda a misalin nan ya kama wajen mita 179. Wannan matsala ce ta sa daga baya aka daina barin bawul a buɗe ga kowa a kan waɗanda ake sayarwa a Ingila. Idan za ka tsallaka da ita Sukotland, can tun ƙarshen 2016 ko mai ƙaramin ƙarfi tana buƙatar takardar izini, a Jamus kuma iyakar jul 7.5 ce, da tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar.

A wajen harbi, abin da zai fi ba ka mamaki shi ne bindigar tana motsi kafin harsashi ya bar bututu. Tana fara ja baya lokacin da fistin ya tashi, sannan ta zabura gaba idan ya tsaya. Ba za ka iya hana wannan motsi ba, abin da za ka iya shi ne ka bar shi ya zama iri ɗaya kowane lokaci. Ka ɗora gaban ƙota a kan buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri guda kullum, kada ka damƙe, kada ka danna ta a kafaɗa, kuma kada ka ɗora ta kai tsaye a kan katako ko dutse. Bayan ka ja kunama ka ci gaba da kallon abin bara har ka ga inda harsashin ya sauka. Ana yawan cewa masu sifirin iska ba su damu da yadda aka riƙe su ba. A abin da na gani, saurinsu yana ɗan rufa wa mai harbi asiri, amma sauya riƙo yana sauya wurin faɗuwar harsashi a mita 30 kamar yadda yake yi a kowace mai fistin.

Zaburar gaban nan ita ce mai cinye madubin saiti, domin yawancin madubai an gina su ne don jure bugun baya kawai. Kaifin bugun Theoben ya sa kamfanin da kansa ya fito da ƙafafun Dampa masu roba a ciki. Ka sa madubin da aka ƙera don bindiga mai fistin, marar nauyi, kuma idan bindigar ta zo da tsohon madubi na zamaninta, ka cire shi ka adana, ka yi harbin yau da kullum da wani. Game da harsashi, idan bututunta na Webley ne, mai yiwuwa ta fi son mai ɗan kauri, domin tsofaffin bututun Ingila an yi su ne a kan milimita 5.6, na Jamus kuwa 5.5 ne. Ka gwada iri uku ko huɗu na dalma masu zagayayyen kai. Ka guji marasa nauyin nan da ake tallatawa da sunan gudu, domin ba sa tare iska yadda fistin zai sami matashin sauka, kuma harbi da su ɗan'uwan harbi babu harsashi ne, wanda shi ma haramun ne a kan wannan bindiga. Duk lokacin da kake saka harsashi, hannunka ɗaya ya kasance riƙe da bututu, yatsa kuma nesa da kunama.

Za ka ji ana cewa ana iya barin irinta a ɗane na sa'o'i ba tare da ta gaji ba. Ta fuskar iska gaskiya ne, iska ba ta sanƙarewa kamar ƙarfe, kuma wannan yana da amfani ga mai jiran zomo a gonar da aka ba shi izini. Amma duk wannan nauyi yana rataye ne a kan haƙoran kunama masu shekara 40, don haka idan an gama sai a harbe ta a wuri mai tsaro kafin a shiga gida.

Saura batun daraja. Masu tara kaya sun saba da ƙa'idar cewa abin da ba a taɓa ba ya fi tsada, kuma a kan ƙota da launin ƙarfe wannan ƙa'ida tana nan: kankare katako a sake shafa masa mai, sake rina ƙarfe, ko huda silinda don ɗaura wani abu, duk suna rage kuɗinta, ba sa kuma komawa. Robobi kuwa kayan ƙarewa ne kamar tayar tsohuwar mota, babu mai hankalin da zai rage maka farashi don ka sauya su, musamman idan ka adana tsofaffin a leda tare da takardar mai gyara. Zobban roba sun fi daɗewa idan suna ɗan motsi giris yana ratsa su, waɗanda aka bari shekaru a wuri ɗaya kuma sukan bushe su manne, su yage a ɗanawar farko. Harbi 10 ko 20 a kowane wata ya isa. Ka ajiye ta ba a ɗane ba, da iskarta a ciki, a wuri busasshe da yaro ba zai kai ba, ba cikin jakar soso mai riƙe danshi ba, ka kuma goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai bayan kowace taɓawa. Ban da wadda ba a taɓa harbawa ba, tana cikin kwalinta da takardunta: irin wannan ka bar ta yadda take, ka nemi wata ta harbi.

Game da wadda ka gani, famfon da ke tare da ita yana ƙara mata daraja, domin na asali ba su da yawa a kasuwa yanzu, amma kasancewarsa yana nufin mai ita na baya yana da hanyar taɓa matsinta. Saboda haka ka je da na'urar aunawa ko ka nemi dillalin ya fito da tasa, ka ga lambobin da idonka kafin maganar kuɗi. Idan ta wuce fut-fam 12, kada ka fita da ita daga shagon sai an sauke ta an sake aunawa a gabanka. Idan ta yi ƙasa sosai kuma tana da nauyin ɗanawa, ka cire kuɗin sabuwar robar fistin da ladan mai gyara daga farashin. Idan dillalin ya ƙi a auna ta sam, sayen kifi a ruwa ke nan, sai ka taya ta da kuɗin wadda za a kwance gaba ɗaya. Idan kuwa ta ba da fut-fam 10 zuwa 11 a zuwanka na farko, ta kuma maimaita shi bayan mako biyu, ka biya, ka rubuta gudun, da sunan harsashin, da zafin ranar a kan kati ka ajiye tare da ita, domin da wannan katin za ka riƙa gwada ta duk bayan 'yan watanni.